Rabin Littafin Baba Kai a Ƙasa

Shafi na bakwai lafiyarsa ƙalau. Phoebe ta juya takardar, sai ga shafi na takwas a tsaye da ka, ƙafafu a sama, kamar jemage.

Ta ajiye ta. Ta zaro wata daga tsakiyar tarin. Haka. Ta cusa hannu can ƙasa inda takardun suka riga suka huce, ta zaro wata. Haka dai. Gaban kowace takarda yana kallon mutum da mutunci, bayanta kuwa sai ka kifa littafin kafin ka san me yake faɗa. Ita kuwa firinta ko a jikinta, sai huci take tana amayo wasu, da alama har alfahari take da aikinta.

Phoebe ta danna mata abin tsayawa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin askin maƙwabcinsu.

Ɗakin nan shi ne babbar hedikwatar Gidauniyar Dokta Prosper Toma ta Zaman Lafiya da Cigaban Matasa ta Duniya. Yana nan unguwar Yelwa a Bauchi, a matse tsakanin shagon aski da teburin mai indomi. Duk duniyar da aka ambata a jikin allon, iyakarta tebur ɗaya, kujera biyu, da hoton Prosper sanye da hular digiri mai geza. Prosper yayan Phoebe ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce sakatariyar gidauniyar, ita ce mai shara, kuma in baƙi suka zo suka tambayi ina matasan da ake ciyar gaba, ita ake nunawa.

Kuskuren nata ne, ba ta da wanda za ta jingina wa. Da safe ta buga gwaji, ta ɗauki takardar farko ta duba gabanta, ta duba bayanta. Bayan takardar farko kuwa fari ne fat, babu rubutu, to ta ina fari zai nuna maka yana tsaye ko yana kife? Ta ce madalla, ta cika wa firinta ciki da takarda, ta roƙi mai aski ya riƙa ƙara mata in ta ƙare, ta tafi kai Baba asibitin ido. Mai aski kuwa ya riƙe amana fiye da yadda ake so. Kafin ta dawo daga layin asibiti, an kusa gama komai.

Gobe Asabar ake ƙaddamar da littafin.

* * *

Littafin na Baba ne. Malam Toma ya koyar da firamare har gashinsa ya yi fari, ya yi ritaya, matarsa Liatu ta rasu, sai ya zauna a ƙofar ɗaki ya fara rubutu. Da Hausa ya rubuta, irin Hausar da yake karanta Littafi Mai Tsarki da ita, a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Ya sa masa suna *Yadda Muka Sauko Daga Dutse*. Labarin garinsu ne, can kudancin jiha: yadda kakanninsu suka zauna a kan dutse, shekarar da fara ta cinye gero har suka sauko, sunayen rijiyoyin da suka haƙa da wanda ya fara shan ruwan kowace. Akwai babi guda a kan kakar Liatu, wadda ta ƙi barin dutsen niƙanta a sama, ta ɗoro shi a ka ta sauko da shi da tsohon ciki.

Tsofaffin da ya ji labarin a bakinsu duk sun tafi. Idonsa ma yana kan hanya. Likita ya ce na hagu ya riga ya yi sallama, na dama yana ɗaure kaya. Abu ɗaya Baba yake so: yaran garinsu, waɗanda yanzu suka fi sanin sunayen 'yan ƙwallo da sunayen kakanninsu, su buɗe su karanta.

Phoebe ce ta buga shi a kwamfuta, da yatsa biyu, yana zaune a gefenta yana gyara mata sunayen mutane. Ba makarantar kwamfuta ta yi ba. Danna nan, lalata can, haka ta koya.

Sai Prosper ya ga tarin takardun, ya ɗaga ya ji nauyi, idonsa ya yi haske.

Digirin Prosper na dokta, ranar Juma'a ya tafi nemansa wata ƙasa maƙwabciya, ranar Litinin ya dawo da shi a cikin jaka tare da atamfa. Tun daga nan abin da ya rage masa shi ne littafi, don duk abokansa na irin wannan digirin sun ƙaddamar da nasu. Ya durƙusa gaban Baba ya yi masa bayani a hankali: in sunan malamin firamare ne a bango, wa zai zo? Amma in sunan Dokta ne, manya za su hallara, littafi ya shiga makarantu, har ƙauye.

Baba ya ce, "Yaran za su karanta?"

"Baba, har jarrabawa za a yi a kansa."

"To, sa sunanka. Ai sunana yana ƙarshen naka."

Abin da Prosper bai faɗa masa ba, sunan littafin ma ya canza. Bangon da aka bugo mai sheƙi, an rubuta da ruwan zinare, da Turanci, abin da in ka juya shi zuwa Hausa yake nufin *Matasa, Shugabanci da Zaman Lafiya a Ƙarni na Ashirin da Ɗaya*. A ƙasa hoton Prosper ne ya dafe haɓa yana tunanin ƙarnin.

* * *

Phoebe ta zauna gaban kwamfuta ta nannaɗe hannun riga.

Ta fara da kiran Christiana, ƙawarta da ke aiki a shagon buga takardu kusa da ƙofar jami'a.

"Kashe ki kunna," in ji Christiana, tana tauna wani abu.

"Na kashe na kunna."

"To ki cire wayar ki hura mata iska."

"Christiana, ba rediyo ba ce."

"Ke, mu nan gefe ɗaya muke bugawa. Ɗalibai sun fi so, aikin ya fi kauri, malami ya ɗaga ya ji nauyi ya sa hannu. Wa ya aike ki gaba da baya?"

Ta kashe wayar. Ta ce bari ta yi wa injin wayo: ta kifa takardun a cikin aljihunsa, ko zai rikice ya yi daidai. Farar takarda dai ba ta da kai ba ta da ƙafa, sai da ta buga ta tuna. Ta ce to bari ta yi da hannu. Ta buga shafuffukan gaba su kaɗai, ɗaya, uku, biyar, ta kwashe su da zafinsu ta juya ta mayar, ta sa a buga na baya. Wannan karon rubutun ya tsaya da ƙafafunsa, amma shafi na huɗu ya je ya manne a bayan shafin kusa da ƙarshe. Kakar Liatu tana ɗora dutse a ka, ka juya, sai ga jana'izar jikanta. Ta sake juya tarin ta wata fuskar, sai injin ya buga sabon rubutu a kan tsohon, takarda ta fito baƙi ƙirin kamar an yi taron tururuwa.

Sai aka ɗauke wuta. Ta jira mai aski ya ja janaretansa, ta roƙi layi.

Rana ta karkata kafin ta gano. Can cikin wani ɗan akwati da ke ɓoye a cikin wani akwatin, inda ake zaɓar bugun gaba da baya, ashe zaɓin biyu ne, kowanne da ɗan hotonsa ƙarami kamar ƙwayar wake. Ɗaya takarda ce ana buɗe ta ta dogon gefe, yadda ake buɗe ƙofa. Ɗayan ana ɗaga ta ta gajeren gefe, yadda ake ɗaga kalandar bango in wata ya mutu. Alamar tana kan na kalanda. Sai ta tuna: ita da kanta ta mayar da shi can ranar da ta buga katin gayyata, wanda ake ninkewa a kwance, kuma kwamfuta ba ta manta alheri. Ta riƙe mata shi har yau.

Ta mayar da alamar kan ƙofa. Ta buga shafi huɗu. Ta juya. Bakwai, takwas, tara, goma, kowa a tsaye da ƙafarsa kamar yaran kirki.

Abin duka dannawa ɗaya ne. Ta kalli tarin da ya kai mata ƙugu, ta kalli ragowar farar takarda da ba ta fi kaurin biredi ba.

* * *

Turarensa ya riga shi shigowa. Prosper ya shigo da waya a kunne, yana gaya wa wani cewa a'a, kujerar babban baƙo dole ta zama mai hannu.

"Yaya," in ji Phoebe.

Bai juyo ba.

"Yaya Dokta."

Ya juyo. "Yawwa. An gama?"

Ta miƙa masa takarda. Ya kalli gaban, ya gyaɗa kai. Ta ce ya juya. Ya juya, ya ɗan karkata wuya, ya karkata takardar, sannan ya gane.

"Duka?"

"Duka. Laifina ne. Amma na gano inda abin yake, na gyara. In ka sayo takarda da tawada yanzu, zan tsaya a kai har a gama, Bappa mai ɗaurin littafi ya ɗaure da safe."

Ta shirya wa faɗa. Ta ma tanadi amsoshi. Amma Prosper bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kwafi guda ya daidaita gefensa a kan tebur, ya ɗora shi a tafin hannu yana aunawa kamar mai sayen doya.

"Kaurin bai ragu ba ai?"

"Kauri?"

"Lambar shafi tana nan, bango yana nan. Za a sa a leda a manne, a ɗaura jan ƙyalle. Mene ne matsalar?"

"Matsalar ita ce ba ya karantuwa, Yaya."

Ya yi dariya, irin ta babba da yaro ya tambaye shi ina rana take kwana. Ya ja kujera ya zauna.

"Phoebe, ƙaddamarwa nawa kika taɓa zuwa? Ni na je fiye da yadda zan iya tunawa. Gidana akwai kabad guda na littattafan abokaina. Je ki duba, ko ɗaya ba a cire wa leda ba. Su ma nawa haka za su yi masa. Mutunci ne. Ka zo nawa, in zo naka."

"Baba fa? Yaran gari fa?"

"Abin da ya rage a hannuna na mai abinci ne da masu rawar gargajiya. Kina so babban mai ƙaddamarwa, Alhaji Mansir, ya zo ya zauna babu masu rawa?"

"Zan gaya wa Baba."

"Gaya masa." Ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. "Gaya wa tsoho mai hawan jini cewa 'yarsa ta kifa masa aikin shekaru, ana gobe biki. Ni ba ni na danna ba."

Nan ya fi ta gaskiya, kuma ya sani.

Suka loda katan-katan a keke napep zuwa Wunti, wurin Bappa mai ɗaurin littafi. Bappa tsoho ne mai gam a duk yatsunsa. Ya buɗe kwafi ɗaya, ya juya shafi, ya ɗago ya kalli Phoebe ta saman tabarau.

"'Yar Malam, wannan sabon yayi ne?"

"Ɗaure kawai, Bappa," in ji Prosper.

"Ni me nawa? Ɗauri aka kawo." Ya jawo gwangwanin gam. "Na taɓa ɗaure wa wani, tsakiyar duk farar takarda ce, don ya cika kauri. Har yau in ya gan ni sai ya gaishe ni."

* * *

Zauren otal ɗin ya cika da babbar riga da kwat da gwaggwaro. An rubuta ƙarfe goma a kati, aka fara bayan azahar, don babban mai ƙaddamarwa, Alhaji Mansir, ɗan kwangila, ba ya isa wuri kafin a gaji da jiransa. Littattafan suna jere a kan tebur cikin leda, zinaren bangonsu yana ɗaukar ido. Kai, sun yi kyau. Phoebe ma sai da ta yarda sun yi kyau.

Baba yana layi na huɗu, cikin farar rigarsa ta zuwa coci, ya dafa sanda. Teburin manya ya cika, babu wuri. Phoebe ta zauna kusa da shi. Tun jiya take neman bakin da za ta gaya masa, ba ta samu ba. Yanzu abin da take roƙo a ranta ya ba ta mamaki ita kanta: Allah ya sa wani ya buɗe. Ko da za a yi mata dariya a gaban duk Bauchi, ko da Prosper zai nuna ta da yatsa ya ce ga mai laifin. In an buɗe, dole a sake bugawa. Mutum ɗaya kawai take nema, mai ɗan son sani.

Mai gabatarwa ya kwashe lokaci yana jera muƙaman mutanen teburin manya, har da na waɗanda suka aiko wakili. Can wajen ƙarshe ya ce, "Muna kuma tare da mahaifin marubuci. Baba, a ɗan miƙe a gan ka." Baba ya miƙe. Aka tafa sau uku. Ya zauna.

Sai aka kira mai sharhin littafi, Farfesa Hammajoda. Phoebe ta gyara zama. Wannan dai aikinsa ke nan. Da kanta ta kai masa kwafi gida da sassafe. Ya hau mumbari riƙe da shi, leda tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, mannenta ko motsi bai yi ba.

Farfesa ya yi magana da Turanci mai tsawo. Ya ce wannan littafi ya zo a kan gaɓa. Ya ce marubucin ya yi wa matsalar matasa fiɗa, ya fito da hanjinta. Ya ce babi na huɗu musamman, inda aka tattauna shugabanci, ya kamata kowane ɗan majalisa ya haddace shi. Babi na huɗu dai sunayen rijiyoyi ne. Daga ƙarshe ya cire tabarau, ya ce abin da ya fi burge shi shi ne Turancin marubucin, mai santsi, wanda ba a cika samun irinsa a wannan zamani ba.

Zaure ya ɗauki tafi. Prosper ya sunkuyar da kai cikin tawali'u.

Baba ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. "Littafin wa yake magana a kai?"

"Naka, Baba."

"Matasa da me?"

Ta karanta masa abin da ke bangon. Baba ya sauya hannun da ke riƙe da sanda.

Alhaji Mansir ya yanke jan ƙyalle da almakashi, ya ɗaga littafi sama, masu hoto suka yi ta walƙiya. Ya sanar da abin da zai bayar, aka yi guɗa, ya miƙa wa direbansa littafin ba tare da ya kalle shi ba. Sauran manya suka bi layi, kowa ya faɗi nasa a lasifika, ya karɓi kwafi. Masu rawa suka shigo da ƙafafu cike da kacau-kacau, rawar garin su Baba, irin wadda babi na shida ya faɗi asalinta. Manya suka ciro waya suna ɗauka.

Aka raba abinci. Fanka ta tsaya, wani mai kwat ya mayar da littafinsa mafici. Wani ya ɗora nasa a cinya ya aza robar shinkafa a kai, bango mai sheƙi ba ya shan mai.

Sai Phoebe ta ji ƙarar leda.

Wata mata ce a layin gaba, mai gwaggwaro kamar rufin rumbu. Ta sa farce ta ɓarke mannen, ta zare littafin tsirara. Phoebe ta kama hannun kujera. Matar ta ɗora littafin a kujerar gefe, ta buɗe bakin ledar da kyau, ta juye naman da ke robarta a ciki, ta ƙulle, ta jefa a jaka.

Da aka watse, kusan rabin littattafan suna nan a kan kujeru da ƙarƙashinsu. Prosper ya sa a tattara. Ya ce a goge waɗanda miya ta taɓa, akwai wata ƙaddamarwar da yake shiryawa a Jos.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki wanda matar ta tuɓe wa leda. Ya sa a hammata.

* * *

Ranar Litinin Prosper bai zo ofis ba, yana zagayen godiya. Phoebe ta ƙirga ragowar farar takarda da ido, ta ga za ta isa kwafi ɗaya in ba a yi kuskure ba. Ta duba ɗan akwatin, alamar tana kan ƙofa. Ta goge shafin farko ta sake rubutawa: *Yadda Muka Sauko Daga Dutse*, na Malam Toma. Ta tsaya a kan injin har ya gama, tana juya kowace takarda. Bappa ya ɗaure mata da kwali mai ruwan ƙasa, ya ce bango mai zinare ya ƙare.

Da la'asar ta isa gida. Baba yana ƙofar ɗaki inda haske ya fi yawa, littafin Prosper a cinyarsa, gilashin ƙara girman rubutu a hannu ɗaya, fensir a bayan kunne. Ta tsaya daga bakin zaure tana kallonsa. Ya bi shafi da gilashin a hankali, hancinsa kusan yana taɓa takarda. Ya kai ƙarshe. Ya kama littafin da hannu biyu ya juya shi, kai ya koma ƙasa, ya ci gaba.

"Baba, ni ce na yi shi. Ban duba ba."

"Na sani. Prosper bai san inda ake kunna injin ba." Bai ɗago ba. "Kin kuma rubuta sunan rijiyar gidan su mamarku ba daidai ba. Na sa alama. In za a sake bugawa, a gyara."

Ta durƙusa ta ɗora masa sabon a gwiwa. Ya shafa kwalin. Ya buɗe, ya kai gilashi kan shafin farko, ya daɗe a wurin fiye da yadda kalmomin suke buƙata. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Komai a tsaye.

"Guda nawa ne irin wannan?"

"Shi ke nan, Baba. Ɗaya."

Ya rufe shi, ya miƙa mata.

"Motar garinmu tana tashi ranar kasuwa. Ki ba direba ya kai wa hedimasta. Ki ce ya karanta wa 'yan aji shida, ko babi ɗaya ne. Kada ki sa shi a leda."

"Kai fa? Don kai na buga."

"Ni na san abin da ke ciki." Ya gyara zaman gilashin a hannunsa. Can ya ce, "Farfesan nan ya ce Turancina yana da santsi, ko?"

"Haka ya ce."

"To, madalla."

Ta zauna a kan katan ɗin da aka dawo da shi daga otal, don yanzu shi ne kujerar tsakar gidan. Hasken yana janyewa daga bakin ƙofa, Baba yana jan kujerarsa yana bin sa. Ya gama shafi, ya juya littafin. Ya gama wani, ya sake juyawa. Daga inda take zaune bangon kawai take gani: Dokta Prosper ya dafe haɓa yana tunani, sai ya kife, sai ya miƙe, sai ya kife.